Kashi na 14: Lambobin da ke wayarka amana ne



Yau maganar amana za mu yi. Ka sauke manhajar bashi, ta nemi izinin shiga lambobin wayarka, ka danna "Allow" ko karantawa ba ka yi ba. To lambar wa ka bayar? Ta mahaifiyarka, ta malaminka, ta surukinka. A cikinsu babu wanda ka tambaya.

Haka aka yi a badaƙalar Cambridge Analytica da ta fito fili a 2018. Mutum kusan 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan mutum har miliyan 87, yawanci abokansu da ba su san wainar da ake toyawa ba. A 2019 hukumar FTC ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Nan Najeriya ma mun ga yadda wasu manhajojin bashi ke tura wa 'yan uwan mutum saƙo suna kiransa ɓarawo, don kawai ya yi jinkirin biya. A 2023 Google ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna, kuma a shekarar aka sa hannu kan dokar kare bayanai.

Amma fa doka ba za ta riƙe maka yatsa ba. Kafin ka danna, tambayi kanka: me manhajar tocila za ta yi da lambobina? Yau ɗin nan ka shiga saitin wayarka, ka janye duk izinin da ba shi da dalili.

Sai mun haɗu a kashi na gaba.