Matsayin Harshe Wajen Auna Kayan Tallafa wa Tsofaffi a Kajuru

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kayayyaki 50 na tallafa wa masu rauni, ciki har da sandar dogarawa da tabarau da na'urar ƙara ji. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa auna amfaninsu ga tsoho a gidansa ya rataya a kan harshe.

2.0 Matsaloli

Da farko, tsofaffi da dama a ƙaramar hukumar Kajuru Adara ne harshensu na farko, don haka tambaya da Hausa kan samu guntuwar amsa. Na biyu, sunan "keken guragu" kan sa dattijo ya ƙi hawansa, domin bai ɗauki kansa gurgu ba, sai a ɗora laifin a kan keken. Na uku, "da sauƙi" amsar ladabi ce, ba shaidar biyan buƙata ba.

3.0 Kammalawa

Ke nan, ya kamata a tambayi tsoho da harshensa game da takamaiman ayyuka, kamar zuwa masallaci ko coci da sauraron rediyo. Samar da sunaye marasa muzantawa kuwa nauyi ne a wuyan masana harshe.