Karim Zito: Mai tsaron baya da ya ɗauko kofi ran bikin 'yancin Ghana

In ka zauna teburin mai shayi a Nima ko Maamobi aka tayar da hirar ƙwallo, sunan Mohammed Polo da na Kudus za ka fara ji, domin 'yan gida ne. Ba kasafai ake tuna mai tsaron baya ba, sai ran da aka zura ƙwallo.

To, Abdul-Karim Zito a nan bayan ya yi zamaninsa a Asante Kotoko, kafin ya koma horarwa. Ran 6 ga Maris 2021, daidai bikin 'yancin Ghana, yaransa 'yan ƙasa da shekara 20 suka doke Uganda da ci 2-0 a Nuwakshot, suka ɗauki kofin Afirka.

Abin da ya fi burge ni shi ne Dreams FC, ƙungiyar da ba ta da tarin magoya baya. Ya ci mata kofin FA a 2023, sannan a 2024 ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a kofin Confederation. Sun riƙe Zamalek canjaras a Alƙahira, amma Misirawan suka zo Kumasi suka zura musu uku.