Yadda Wasiƙar Imel Ke Yada Zango Kafin Ta Isa Hannu

Da yawa daga cikinmu suna da 'yan'uwa ko abokan ciniki a Madina, waɗansu ma a unguwar nan da ake kira Sih, wadda ke yamma da Harami, kusa da Dutsen Sal'u. Daga can ake aiko mana da takardun masaukin alhazai da lissafin dabino da dardumai, duk ta imel. Yawanci kafin ka ƙifta ido wasiƙa ta isa. Amma wani lokaci sai ta kwana a hanya, ko ta komo wa mai ita, ko ma ta iso da sunan wanda bai rubuta ta ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa jama'a yadda tafiyarta take.

A zamanin kakanninmu, mai son aika takarda daga Madina sai ya jira alhaji mai komowa gida. Ta ƙetare Bahar Maliya, ta ratsa Sudan da Barno, ta sauka Kano, kana fataken goro su ɗauko ta zuwa Salaga ko Kumasi. Jirgin ƙasa na Turkawa bai iso Madina ba sai 1908. Imel kuwa, wani Ba'amurke, Ray Tomlinson, shi ya fara aika ta daga kwamfuta zuwa kwamfuta cikin 1971. Cikin 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar da ake kira SMTP, wadda har gobe ita ake bi. Gana ta shiga intanet sosai cikin 1995, Saudiyya kuwa ta buɗe wa jama'a cikin 1999.

To, abin da za a fara sani shi ne, imel ba tsuntsuwa ba ce da za ta tashi daga hannunka ta sauka hannun wane. Zango-zango take yi kamar ayari. Kowane kamfani ko ofis yana da wata kwamfuta da ake kira sabar, wadda aikinta karɓa da ajiyewa da miƙawa. Ita ce gidan wayarsu. Sunan da ke bayan alamar nan @ shi ne sunan gidan, wanda ke gabanta kuwa sunan mai akwati ne.

In gidan waya zai miƙa wa ɗan'uwansa wasiƙa, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 25. Ya yi sallama ya faɗi sunansa, ya ce daga wane, zuwa ga wane, sa'an nan ya miƙa takardar. Mai karɓa da lamba yake amsawa. In ya ce 250, watau na karɓa, amana ta koma wuyana. In ya ba da lamba ta ɗari huɗu da wani abu, watau a komo an jima, sai mai aikawa ya ajiye ta yana ta sake gwadawa, har kwana huɗu ko biyar kafin ya haƙura. In kuwa ya ce 550, watau babu mai wannan suna a nan, ko kuwa ba za mu karɓa ba, nan take takarda ta komo. Kowane zango da ta bi sai an buga mata hatimi mai suna da lokaci.

Yanzu bari mu ɗauki misali. A ce wani attajiri a Sih yana da masaukin baƙi a sama, kantin dabino a ƙasa, kowanne da sabarsa, an haɗa su da wayar cikin gida. Akawun sama ya rubuta wa na ƙasa. Kowa zai ce ai wannan ba tafiya ba ce. Amma sau da yawa a nan ake tuntuɓe. Sabar ba ta san maƙwabciyarta da ido ba. Sai ta tambayi babban littafin adireshi na duniya, wanda ake kira DNS, ina gidan wayar wane yake. Littafin kuwa lambar ƙofar waje kaɗai ya sani, domin lambobin cikin gida, irin masu farawa da 192.168 ko 10, ba sa aiki a bainar intanet. Sai wasiƙa ta fita zaure tana neman shiga gidan da take ciki, ta tarar mai gadi bai yarda ba. Ko kuwa ta sama ta miƙa wa ta ƙasa, ta ƙasa ta mayar, a yi ta kai da kawowa har hatimai su yi yawa a tsai da ita. Maganin kuwa sauƙi gare shi: a ajiye ƙaramin littafin adireshi na cikin gida, ko a rubuta wa kowace sabar cewa wasiƙun wane ga lambar da za a kai su kai tsaye.

Akwai kuma wata dabara da muka riga Turawa sani. Maigidan zango ba ya saukar da baƙon da ba a san asalinsa ba, domin in ya yi ɓarna sunan maigida ne zai ɓaci. Haka sabar take. In aka bar ta tana miƙa wasiƙar duk wanda ya zo, 'yan damfara za su mai da ita jakarsu, sauran gidajen waya su sa sunanta cikin baƙin littafi, takardunka na gaskiya ma a daina karɓa. Sai a umurce ta ta yi wa mutanen gida kaɗai aike.

Ga inda maganar ta shafi aljihunmu. Lokacin da aka tsara ƙa'idar nan, masu amfani da ita 'yan kaɗan ne, sun kuwa yarda da juna, saboda haka ba a sa mai aikawa ya tabbatar da sunansa ba. Daga baya an ƙaro hanyoyin bincike, amma ba kowane gida ke aiki da su ba. Mugu yana iya sa sunan abokin cinikinka, ko ya canja harafi ɗaya cikin sunan gidan, ya ce maka sun sake banki, ga sabuwar lambar ajiya. Wanda ya tura kuɗin alhazai haka, wa zai kama?

Shawararmu ke nan. In wasiƙa ta yi jinkiri, kada a yi saurin zargin ɗan'uwa, a sa yaro mai ilmin abin ya duba lambar da aka amsa da hatiman da ke kanta. In ta zo da maganar kuɗi ko canjin banki, kada a tura ko sisin kwabo sai an buga waya ta tsohuwar lambar da aka sani, an ji muryar mutum. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.