Ko Kun Sani? An Taɓa Cin Tarar Masu Bikin Kirsimeti

A shekarar 1659, duk wanda aka kama yana bikin Kirsimeti a Massachusetts, cikin Amurka ta yau, sai ya biya tarar sule biyar. Kuma Kiristoci ne da kansu suka kafa dokar, wato 'yan Furitan, masu tsananin riƙo da Littafi Mai Tsarki. Ko hutun aiki mutum ya yi don ranar, ko ya shirya walima, laifi ne. Dokar ta yi shekara 22 tana aiki, sai a 1681 aka soke ta.

Hujjarsu? Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Yesu Almasihu ba. Malaminsu Increase Mather na Boston ya rubuta a 1687 cewa an ɗora ranar ne a kan Satunaliya, bikin da Romawa masu bautar gumaka ke yi a watan Disamba. Ga kuma shaye-shaye da caca da suka cika bikin a wancan zamani.

A Ingila ma haka aka yi. Majalisa ta soke Kirsimeti da Ista a 1647, aka ce a buɗe shaguna ranar 25 ga Disamba. Mutanen Canterbury suka ce ba su san zancen ba, suka far wa shagunan da suka buɗe, gari ya rikice.

Sai a 1870 Kirsimeti ta zama ranar hutun gwamnatin tarayyar Amurka. Sukotland kuwa ta jira har 1958.