Ba Irin Akuyar Ba Ne, Yunwar Jego Ce

Bayan da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 hatsi ya yi tashin gwauron zabi, dusa ta bi shi, kwanon da ake ajiye wa akuya da yamma kuma ya ragu a gidaje da yawa. Abin haushi, da nono ya janye sai aka koma zagin iri, wai jar akuyar Sakkwato da Maraɗi dama ba ta nono ba ce, a nemo ta Turai.

Laifin ya fi yawa a kwanon. Akuyar da ta haihu, galibi tagwaye, nononta yana ƙaruwa ne a makonnin farko, daidai lokacin da cinta bai gama dawowa ba. Yawan nonon ya dogara da sukarin da hantsa ke haɗawa, domin shi ke jawo ruwa cikinta. Wannan sukari kuwa hanta ce ke samar da tushensa daga abin da tumbi ya narkar, musamman sitacin hatsi da dusa. Idan bai ishi akuyar ba, sai ta shiga cin kitsen jikinta. Ka shafa bayanta ka ji ƙashi tsaye, gashi ya dushe, 'ya'yan suna ta tunkuɗar hantsa suna kuka. Karan dawa na rani cika ciki kawai yake yi. Harawa da tunkuza suna da amfani, amma gina jiki ne babban aikinsu, ga tsada. Dusar kuma akuyar gida tana takararta da masu gidan kaji da masu kiwon ragon layya, waɗanda suka fi ta kuɗi. Har ƙasarin da mata kan ba ta ya ragu, tunda surfen gida ya yi ƙaranci.

Masu maganar iri ba su rasa hujja gaba ɗaya. Saanen, akuyar Turai, kan ba da lita 2 zuwa 3 a rana, tamu wajen rabin lita, kuma ko buhu ta cinye ba za ta kamo ta ba. Sai dai Saanen ɗin ta fi ci, zafin bazara ma wahalar da ita yake yi.

Wuce gona da iri shi ma asara ne. Mai zuba wa akuya masara tsagwaronta lokaci guda zai gamu da tsamin tumbi da zawo, maiƙon nono ya ragu, wani lokacin ma ta mutu. A fara ƙarin hatsin kaɗan-kaɗan tun makonnin ƙarshe na ciki, a raba shi safe da yamma, bayan ta ci ciyawa ko harawa.