Amsoshin Wasiƙunku: Me Kara da Tsumma Ke Yi a Makarantar Boko?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma mai sayar da hatsi a yankin Funtuwa. Ya ce malamin ɗansa, ɗan aji uku na firamare, ya sa yara su zo da kara da yumɓu da ƙyallayen tela da marafan kwalba. Shi ne yake tambaya: "Shin karatu na tura yaron nan ko tsince-tsince? Idan wasa ne, gara ya bi ni gona."

To, Malam, mun gode. Kada dai ka yi saurin cire yaro.

Wannan darasi na aikin hannu ne, irin wanda ake harhaɗa kaya iri-iri a abu guda: a liƙa, a ɗaura, a gina, a shafa launi. Kai ma ka yi shi, ba ka dai ba shi suna ba. Motar karan da kuka riƙa ƙerawa bayan girbi, ana tsire totuwa da ɓawon kara, ai ita ce. Yaron da ya yi mota ta ƙi tafiya, dole ya gano cewa ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma. Ka ga awo ya shigo ke nan, da ƙirge, tun kafin malam ya rubuta su a allo. Yatsun da suka saba da murza yumɓu da kama tsinke kuwa, riƙon fensir ba ya ba su wuya.

Ko a ƙasar Turai an daɗe ana yi. A shekarar 1912 ne wasu masu zane biyu a Faransa, Pablo Picasso da Georges Braque, suka fara liƙa guntayen takarda da makamantansu a jikin zanensu. A nan kusa kuma akwai El Anatsui, mutumin Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975. Marafan kwalba yake bugewa su baje, a ɗinke su da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton mayafi mai rufe bango. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta ƙasar Italiya. Kai da kake kasuwa ma, juya takardar naira 20 ka duba: matar nan da ke ginin tukwane, Ladi Kwali ce.

Ba mu ce ɗanka zai zama ɗayansu ba, wannan sai Allah. Abin da muke cewa, darasin bai cancanci raini ba, kuma kusan ba ya cin ko kwabo.

Idan an ce a sayo gam, ba dole ba ne. A jiƙa ƙaro ya kwana, ko a dama garin rogo da ruwan sanyi a zuba masa tafasasshen ruwa har ya yi kauri ya yi danƙo. Launi kuma yana cikin gida: gawayi ya ba da baƙi, zoɓo ko karan dafi su ba da ja, kurkur ya ba da rawaya, ga farar ƙasa. Ga wani aiki da yara ke so ƙwarai. A yayyaga tsohuwar jarida, a duba kada a haɗa da mai ayoyi, a jiƙa ta kwana biyu ko uku, a matse, a daka a turmi, a cuɗa da kunun rogon nan. Sai a kife ƙwarya, a shafa mata ɗan mai, a lailaya haɗin a bayanta, a shanya. In ya bushe sarai sai a zare ƙwaryar, ga akushi marar nauyi, yaro ya yi masa ado da ƙyalle da tsabar dawa. Na ado ne dai, ba na zuba tuwo ba.

Amma Malam, inda muke so ka sa ido sosai shi ne abin da yaro ke tsintowa. Robar maganin feshi, ko an wanke ta, kada ta shiga hannunsa. Haka tsohon batirin mota, domin akwai dalma a ciki. Ƙasar da aka kwaso daga wurin niƙan dutsen zinariya ita ma a guje ta. Gubar dalmar irin wannan wuri ce ta hallaka yara kimanin 400 a Jihar Zamfara a 2010. 'Ya'yan idon zakara, masu ja da ɗigon baƙi, suna da kyan ado amma dafi ne in an tauna, haka 'ya'yan zurman. Yankan gwangwani da riƙon reza aikin babba ne. Marafan kwalba da duwatsun ado kuma a kawar da su daga gaban ƙannensa 'yan ƙasa da shekara uku, don komai baki suke kai shi.

In yaron ya kawo abin da ya yi, ko da rumbun nasa ya karkace, kada ka karɓa ka gyara masa. Tambaye shi me ya sa ya karkace, ka bar shi ya sake kwaɓa yumɓu da kansa.