Rumfar Baje-koli Ba Shago Ba Ce

Duk shekara idan hunturu ya kunno kai, wajen ƙarshen Nuwamba, filin baje-koli da ke Titin Gidan Zoo a Kano yakan cika ya batse. Cibiyar 'yan kasuwa ta Kano, wato KACCIMA, ita ke shirya wannan kasuwa, kamar yadda takwararta KADCCIMA ke shirya ta Kaduna a filinta na kan hanyar Zariya. Na daɗe ina zuwa a matsayin ɗan kallo, in sayi zuma in koma gida. Sai bara ƙanwata, wadda ke haɗa yaji da garin kunun tsamiya da na ɗanwake tana ƙullawa a leda mai tambari, ta kama rumfa karo na farko da kuɗin adashinta, ta roƙe ni in riƙa taya ta zama da yamma idan na fito daga aji. A nan na gane kallon kasuwa daban, cin ta daban.

Kwana biyu na farko mun yi ta murna, domin kaya na fita ɗaiɗai. A rana ta uku wani dattijo ya tsaya, ya lakaci yajin ya ɗanɗana, ya juya ledar ya karanta bayanta, sannan ya ce, "Hajiya, nawa katan? Kuma in na ce 50 duk wata, za ki iya?" Ƙanwata ta dube ni, ni ma na dube ta. Ba mu taɓa lissafa farashin sari ba, ba mu ma san leda nawa ke cika katan ba. Ya faɗi lambar wayarsa, na rubuta a jikin wani yagaggen kwali, washegari yaron da ke share mana rumfa ya haɗa da shi ya zubar. Laifin nawa ne, ni da nake tsawata wa ɗalibai kan zuwa aji babu littafin rubutu.

Abin da mai shiga baje-koli karo na farko ya kamata ya sani shi ne, cinikin ɗaiɗai da wuya ya mayar masa da kuɗin rumfa da na mota da na dako da abincin masu taya shi zama. Ribar tana wajen irin wancan dattijo: ɗan sari, mai babban kanti, mai otal, dillalin da ke kai kaya Maraɗi ko Legas. Irinsu ba sa zama, kuma ba kasafai suke dawowa ba. Saboda haka tun daga gida a zauna a fitar da farashi iri biyu, na ɗaiɗai da na sari, a san iya adadin da za a iya haɗawa a wata ba tare da cika baki ba. Wanda ya yi alkawarin katan 50 ya kawo 12 ya rasa mai saye, ya kuma rasa duk wanda mai sayen zai ba labari.

Masu kayan ci da sha da na shafawa su lura da dalilin da ya sa dattijon ya juya leda. Lambar rajistar NAFDAC yake nema, da ranar da aka haɗa kayan da ranar lalacewarsu. Babban kanti ba ya son ɗora kayan da ba su da wannan a kan kantarsa, komai daɗinsu. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da asusun banki mai ɗauke da sunan, su ma suna kwantar wa baƙo hankali idan zai tura kuɗi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke cinye ciniki. Mun jibge duk kayanmu a gaba har teburin ya zama katanga, muka zauna a bayansa kowa na latsa waya. Maƙwabciyarmu mai turaren wuta kuwa kwalabe kaɗan ta jera, ta tsaya a bakin rumfa da kasko yana hayaƙi tana gaida masu wucewa, jama'a na ta tsayawa. A rubuta farashi ɓaro-ɓaro, domin mai kunya ba ya tambaya, wucewa yake. A tanadi canji, da na'urar POS, da fitila mai caji, da tsumman goge ƙurar hunturu. In da hali, a zaga filin kafin a biya, a guji kusurwar da ƙafa ba ta kaiwa, da maƙwabtaka da masu lasifika, inda sai an ɗaga murya kafin a ji farashi.

Daga rana ta huɗu muka ajiye littafi: suna, lamba, gari, da abin da mutum ya tambaya. Bayan an tashi da mako guda ƙanwata ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya. Da yawa ba su ɗauka ba, wasu sun manta da ita, biyu kuma har yau suna saro kayanta. Bana ta sake kama rumfa, ta buga kati mai lambarta. Ta ce, "Yaya, ko dattijon nan zai sake biyowa?" Na ce ban sani ba, amma littafin yana hannuna.